Muryar da Ke Cikin Makiyayiyar Dodanni

Asabar, bayan la'asar

Yau kwana arba'in da ɗaya da tafiyar Munir. A gidan nan ba a ambatonsa, Baba ya hana, don haka a nan zan riƙa rubutawa, a bayan littafin shirin darasina na bara. Ƙanina ne. Ba wanda zai hana ni rubuta sunan ƙanina.

Roda ta zo ɗazu da wayarta. Tare muke koyarwa a firamare, ita aji huɗu ni aji biyu, kuma tun ranar faɗan gonar fadama ita kaɗai ce ba ta canza min fuska ba. Ta ce Ikrima mai shagon caji ya kawo wani sabon katun daga Kano, irin na Japan ɗin nan da ƙannenta suke ce wa anime, an yi masa fassarar Hausa, kashi uku suka fito. Wai sunansa Makiyayiyar Dodanni. Na ce mata ni na wuce kallon 'yar tsana. Ta ce in dai duba.

Muka zauna a gindin darbejiya. Idanun mutanen ciki kamar faranti. Gashin yarinyar kore shar, tana kora dodanni masu fuka-fuki da sanda kamar mai kora awaki, a kan wasu duwatsu da ba su taɓa ƙasa ba. Zanen dai ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ruwan saman da suka zana sai ka ji kamar zai jiƙa ka. Amma in mutum ya yi tsalle sai ya daɗe a sama yana tunani kafin ya sauko, wannan ya ba ni dariya.

Mutum ɗaya ne yake yin muryoyin duka. Ya siranta murya ya yi ta yarinyar, ya kumbura ta ya yi ta dodo. Ban ji komai ba sai da ya saki muryarsa ta gaske yana bayanin inda labarin ya nufa.

Na ce wa Roda kaina yana ciwo. Ta daɗe tana kallona kafin ta kashe wayar.

Lahadi, da hantsi

Ba Munir ba ne. Kano tana da yawa, muryoyi suna kama.

Litinin, ƙarfe biyu da rabi

Da aka tashi daga makaranta na biya shagon Ikrima da sunan zan yi caji. Ban buɗe baki ba ya ce, "Malama Tahira, in tura miki Makiyayiyar ne?" Me ya sa ni? Mata nawa suke kawo caji nan, duk haka yake tambayarsu?

Samari sun cika bencin suna musu. Wani ya ce ya fi fassarar Indiya daɗi, don babu waƙa mai ɓata lokaci. Wani ya ce abin yara ne, amma na lura kashi ukun duk ya kalla, har ya san sunan dodon da ya karye a fiffike. Wani dattijo da ya kawo fitila ya ce duk tsafi ne aka lulluɓe da zane, gobe yaranmu za su ce ruwa ma boka ne yake saukar da shi. Suka ce ai Baba tatsuniya ce. Ya ce tatsuniyarmu ba ta da idanu haka.

Da na shigo aka rage murya. Ko ni ce nake ganin haka.

Na tambayi Ikrima daga ina yake samowa. Ya ce daga kasuwar waya a Kano, duk Juma'a, kamar sauran finafinai. Bai kalle ni ba da yake faɗa, yana ta laluben wayar caji da take gabansa.

Talata, bayan magariba

Na sa abin kunne na kalli kashi ukun a ɗaki.

Shi ne. Yadda yake jan numfashi kafin ya faɗi abin dariya, yadda yake cinye ƙarshen magana in ya yi sauri. Yana da rai, yana da aiki, ya ci ya ƙoshi har yana iya yin muryar dodo. Na yi sujada a kan tabarma da wayar a hannuna.

Sai kashi na uku. Akwai wani tsohon boka da yake zaune a cikin ƙatuwar ƙararrawa, yana so yarinyar ta ba shi ƙwan dodanni. Duk sanda zai yi magana sai ya gyara murya sau biyu, ya ce, "Ka gane ko, ɗan nan?"

Na yi dariya har na toshe baki da hijabi. Daga baya dariyar ta yanke. Duk wanda ya taɓa zama da Baffa Sama'ilu minti biyar ya san mai wannan maganar. Munir, me ya kai ka? Ba ka san inda fim yake zuwa ba ne?

A ƙarshen kowane kashi kuma ana gaishe da mutane, a faɗi lambar wayar situdiyon sau biyu a hankali, don masu son talla.

Laraba, da safe

Inna tana tankaɗe tana wani ɗan murmushi. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Jiya na tabbata abin kunnen a kunnena yake. Na tabbata?

Alhamis, bayan azahar

Maganar bokan ta fara yawo. A makaranta na ji 'yan aji shida a bayan taga, ɗaya ya gyara murya sau biyu, sauran suka fashe. Na yi kamar ban ji ba. In na hana, na nuna na sani.

Roda ta ce mutanen unguwarsu bayan an tashi daga coci ba hirar da ake sai ta katun ɗin. Matan suna son yarinyar don ba ta jiran kowa ya cece ta. Mazan sun ce labarin yana jan ƙafa, kashi uku har yanzu ba a yi faɗa na kirki ba. Tana ba ni labari tana kallon bakina. Sai ta ce, a hankali, mai fassarar dai ya iya. Na ce ban kula ba.

Ta sani. Tun ranar Asabar ta sani, ƙila ma shi ya sa ta kawo min. In don alheri ta kawo, me ya hana ta faɗa? In kuma aiko ta aka yi a ga fuskata, ta gani.

Allah ya yafe min. Roda ce ta zauna da ni a asibitin Ɗanbatta ranar da aka kai Abdulbasit ɗan Baffa, wanda Munir ya ji wa rauni a fadama, ranar da 'yan'uwa ba su ko amsa gaisuwata ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Baffa Sama'ilu ya zo. Rabon ƙafarsa da gidan nan tun ranar. Wan Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kunya ɗaya ta raba gonakin, amma yau a zaure ya tsaya kamar baƙo. Na kai ruwa. Bai sha ba.

Daga bayan ƙofa ban ji da yawa ba. Na ji ya ce ɗansa har yau hannun bai ɗaguwa sama da kafaɗa. Na ji ya ce ya yi shiru ne don dagaci ya roƙe shi, amma wanda ya yi wannan aika-aikar ya gudu bai isa ya zauna a birni yana mayar da shi abin dariyar yara ba. Na ji ya ce 'yan sanda ba su rufe maganar ba, ajiye ta kawai suka yi.

Baba bai ce komai ba sai "Allah ya kyauta." Sau uku.

Baffa bai gyara murya ba ko sau ɗaya. Ina jin yana danne abin da ƙarfi. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Asabar, da rana

An fara yankan gero. Ni da Inna muka kai abinci. Ba wanda ya taka wajen fadama.

Lahadi, bayan la'asar

Kashi na huɗu ya zo. An yi faɗan da maza suke nema, dodo biyu a cikin hadari, kowa yana yabo. Bokan ya fito sau ɗaya, ya faɗi maganarsa sau huɗu. Na ƙirga.

Wa ya kai wa Baffa? Shi ba ya kallon waya, lambobi ma sai an danna masa. Ko Ikrima, ko samarin benci, ko matarsa. Ko Roda ta faɗa wa wata, watan ta faɗa wa wata. Garin nan in ka yi tari a gidanka sai an yi maka sannu daga gida na uku.

Na duba fuskar Inna yau da kyau. Ba ta kuka kamar da. Tun yaushe ta daina? Ranar Laraba ta daka yaji mai yawa, ya fi na gidan nan. Na duba kwanon yau, ya ragu. Ta ce ta ba maƙwabta.

Talata, ƙarfe huɗu

Na ga Abdulbasit a shagon Ikrima. Ɗan Baffa, sa'an Munir, tare aka yaye su, tare aka yi musu kaciya. Hannun dama yana rataye a ƙyalle. Yana tsaye Ikrima yana kunna masa ƙarshen kashi na huɗu, daidai inda ake faɗin lamba, shi kuma yana dannawa a wayarsa da hagu. Aka mayar aka sake kunnawa.

Da ya gan ni ya ce, "Yaya Tahira, ina wuni." Ya sa wayar a aljihu da sauri. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, na wuce.

Lambar yake nema. Juma'a ana zuwa Kano. Ba sai an zana min ba.

Laraba, lokacin tara, a bayan aji

Na kira. Na danna kuskure sau biyu. Wani mutum ya ɗauka, ana ta kiɗa a bayansa. Na ce ina neman Munir. Ya ce babu mai wannan sunan a wajensu. Na ce wanda yake fassara Makiyayiyar Dodanni. Ya ce wace ce.

Ban faɗi sunana ba. Na ce a gaya masa an gane muryarsa a gida, an karɓi lamba, ranar Juma'a za a zo, kuma ba da alheri ba. Na kashe. Na goge kiran.

Na koma aji na koyar da haɗa baƙi da wasali. Ban san me na rubuta a allo ba.

Alhamis, da safe

Na yi daidai.

Alhamis, bayan magariba

Na yi daidai. In ban yi ba wa zai yi?

Juma'a, da yamma

Abdulbasit ya hau motar Kano da sassafe, Inna ta gan shi a bakin titi. Ta ce shi kaɗai ne. To ai 'yan sanda a can ma akwai su. Baffa yana nan, na ji tarinsa ta katanga.

Lahadi, ƙarfe biyar

Kashi na biyar ya zo. Ba muryarsa ba ce.

Wani ne daban, mai magana ta hanci, yana karanta abin kamar sanarwar ɓatan akuya. Yarinyar da dodon murya ɗaya. Bokan ya zama ba kowa ba. A shagon Ikrima an ce an kashe fim, wasu sun ce ba za su ƙara sa shi a memorinsu ba. Wanda ya ce abin yara ne shi ya fi kowa faɗa. Wani ya ce ƙila na farkon ya sami wajen da ya fi, wani ya ce ƙila kama shi aka yi, sai aka zungure shi, suka waiwayo ni.

Ko ya gudu kafin Juma'a, ko bai gudu ba. Ban san wanne ba. Na sake kiran lambar, da mutumin ya ji muryata ya kashe.

Litinin, bayan an tashi

Na yi wa Roda magana marar daɗi. Ta tambaye ni ko na kalli na biyar, na ce ta je ta gaya wa wanda ya aiko ta na kalla. Ta tsaya da rajista a hannu. Ta ce ita ta kawo min ne don in ji yana raye, ta yi shiru ne don ta ga ba na son a faɗa. Ta ce shekara shida muna raba alli ɗaya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tafi ta hanyar bayan makaranta don kada mu jera.

Talata

Ban je makaranta ba. Na ce zazzaɓi.

Laraba, da azahar

Na tsare Inna a madafa na tambaye ta yajin. Ta zauna a kan turmi. Ta ce ta ba Ikrima ne ya tafi da shi Kano ko Allah zai sa ya dace da wanda ya san wajen. Tun ranar da ta ji yaran maƙwabta suna kunna abin a ƙofar gida ta gane ɗanta. Ikrima bai sami wajen ba, ya dawo mata da ƙullin, ta ɓoye a ƙarƙashin gado don kada Baba ya gani. Ta ɗauko ta nuna min.

Ashe kowa a gidan nan ɓoyon abu ɗaya yake yi wa kowa.

Ban gaya mata na kira ba.

Alhamis, bayan la'asar

Muna cirar gyaɗa a gonar bayan gari, ni na yi gaba da sauran mata. Abdulbasit ya zo ta kan kunya, ya tsaya nesa kaɗan, ya ce yana son magana. Na ce ina ji. Ban ɗago ba.

Ya ce ranar Juma'a ya je situdiyon. Babansa bai sani ba, ya ce masa asibiti za shi a duba hannu. Ya ce tun kafin nan ya je wajen dagaci shi kaɗai ya faɗi yadda abin ya faru a fadama, tun daga farko, har da abin da shi ya fara yi, wanda bai faɗa ba a asibiti don Baffa yana tsaye a kansa. Ya je ne ya gaya wa Munir haka da bakinsa.

"Na tarar ya tafi tun ranar Laraba," in ji shi. "Wai wata mata ta kira ta ce ana zuwa kama shi. Ko kayansa bai gama kwashewa ba. Ba wanda ya san inda ya yi."

Ina riƙe da gindin gyaɗa, ƙasa tana zuba a ƙafata. Ya ce yana zargin matar babansa ce, don ta tsorata shi ya ƙara nisa. Ya ce in ya tabbatar ba zai yafe mata ba.

Da na yi shiru da ya tafi da wannan. Na ga hanyar a buɗe.

Na ce, "Ni ce."

Ya gyara ƙyallen wuyansa. Sai ya ce, "Da kin tsaya ranar a shago, Yaya, da na gaya miki."

Juma'a, a mota, muna dawowa

Rubutun zai karkace, hanyar ba kyau bayan Dawanau. Na ce wa Baba zan raka Abdulbasit asibiti. Ya kalle ni, ya kalli katanga, ya ce a dawo lafiya.

Situdiyon ɗaki ne guda a saman wani shagon taya, an manna katifa a bango. Mai wajen ya gane muryata tun daga sallama. Ya ce na raba shi da mafi iyawar yaransa, tun fitowar na biyar ana zaginsa a waya. Ya ce Munir da wani suna ya zo musu, bai taɓa faɗin garinsu ba, layinsa kuma a kashe. Na tambaye shi maganar bokan. Ya ce shi ya ce masa ya nemo wa tsohon wata ɗabi'a da za ta ba da dariya, yaron ya yi ta a take, daga baya ya roƙi a cire, aka ce an riga an fitar.

Abdulbasit ne ya kawo shawarar. Ya ce duk inda Munir yake zai kalli kashi na shida, ko don ya ji yadda aka ɓata masa aiki. Ya roƙi a ba shi wajen gaisuwar ƙarshe. Mutumin ya ce ka san duk garinku za su ji? Ya ce ya sani.

Sau uku yana ɗauka, muryarsa tana rawa. Lambata aka sa.

A mota yana barci, kansa yana bugun gilashi. Ina kallonsa ina tunanin ko wannan ma wata hanyar ce ta fito da Munir fili. Ina jin kunyar tunanin, amma bai tafi ba.

Asabar, da hantsi

Na je gidan su Roda. Ta bar ni a tsaye na ɗan lokaci, sannan ta shimfiɗa tabarma. Ba mu yi maganar ba. Na taya ta ɓarar masara har azahar.

Lahadi, bayan la'asar

Na shida ya zo. Ba wanda ya yi maganar dodanni. A shagon Ikrima an sa a lasifika, an mayar da ƙarshen ya fi sau goma.

"Munir, Abdulbasit ne. Na faɗa wa dagaci gaskiyar abin da ya faru, ni na fara. Ba wanda zai kama ka. Hannu yana samun sauƙi. Ka kira Yaya Tahira."

Baffa bai fito sallar la'asar ba. Ta katanga na ji faɗa, na ji an fasa wani abu, daga nan shiru. Baba yana zaune a tsakar gida da carbi, Inna ta kunna masa a wayata ba tare da ta nemi izini ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Litinin

Bai kira ba.

Talata, da rana

Mutum bakwai sun kira. Biyar suna tambayar yaushe tsohon mai fassara zai dawo, ɗaya yana son aurena, ɗaya ya yi shiru ya kashe. Na bi lambar, ta mai shayi ce a wata tasha, ya ce mutane da yawa suna ara.

Abdulbasit a gidan kawunsa yake kwana yanzu.

Alhamis, ƙarfe uku da kwata

Ya kira. Ina wanke-wanke, na ɗauka da kumfa a hannu.

Ya ce, "Yaya." Na zauna a ƙasa.

Ya rame a murya. Yana dako a wata kasuwa, bai faɗi wacce ba. Ya tambayi Inna, ya tambayi ƙafar Baba. Ya tambaya ko ni ce na kira situdiyo, na ce ni ce, ya ce ya yi zaton haka, ba wadda za ta ba da saƙo ta kashe ba sallama sai ni. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Ya ce ba zai shigo gari ba tukuna. Zai zo Ɗanbatta ranar kasuwa, wajen masu awon gyaɗa, da hantsi. Ya ce in zo.

"Shi Abdulbasit ɗin," ya ce, "ke kin yarda da shi? In kin yarda ku zo tare. In ba ki yarda ba kada ki gaya masa. Ke kike ganinsa, ni ba na gani."

Na ce zan yi tunani.

Na gama wanke-wanken. Na kife kwanukan, na share tsakar gida duk da na share da safe. Na zauna na rubuta wannan don in ga ko rubutun zai gaya min wani abu, bai gaya min ba. Ban san cikin Abdulbasit ba. Sau uku a watan nan na tabbata na san cikin mutum, sau ukun na yi kuskure.

An kira la'asar. In na idar zan sa hijabi in tafi gidan kawunsa in gaya masa ranar da wajen.